Turken Masu Yankakken Kunne

A shekarar da kura ta shiga kasuwar Damsare da rana tsaka, Sarki Tunau ne a kan gadon sarauta. Kurar ta shigo ta Ƙofar Gabas, ta ratsa rumfunan mahauta, ta ɗauki cinyar bijimi a bakinta, ta fita ta inda ta shigo, ko sauri ba ta yi. Samari suka bi ta da ihu da jifa, amma tsofaffi suka yi jugum, domin sun san abin da hakan ke nufi. Tun da aka gina ganuwar Damsare, naman dawa ko abokin gaba bai taɓa ƙetare ƙofarta ba, saboda kafin da aka yi wa garin. In har kura ta wuce, to kafi ya mutu.

Kafin nan kuwa aikin zuriya ɗaya ne, ana ce musu masu kafi. Su ne suke kafa turken ƙirya a bakin ƙofar gari, su yi masa tsafinsu, su riƙa sabunta shi duk kaka. Muddin turken yana raye, dokin maƙiyi ba ya wuce shi, kibiyar maƙiyi ba ta ƙetare shi. Sai dai a wannan lokaci babu mai kafi ko ɗaya a cikin Damsare. Shekarun baya Yarima ɗan Sarki Tunau ya kwanta zazzaɓi ya mutu, sai Galadima Shekarau ya tsaya a gaban fada ya ce masu kafi mayu ne, su suka kama kurwar Yarima. Aka ɗaure shugabansu, Sarkin Kafi Nomau, aka kai shi Ƙofar Gabas aka sare kansa, aka hana a binne gawarsa. Sauran kuma aka yanke wa kowa kunnen hagu, har na goye, aka kore su, aka kafa doka cewa duk mai yankakken kunnen da ya taka cikin gari a kashe shi. Fadamunsu na bakin gulbi suka koma hannun Galadima. Su kuwa suka hau Tsaunin Ungulu suka zauna a cikin duwatsu.

Ba a gama maganar kura ba, sai ga ɗan aike daga kan iyaka, dokinsa na kumfa. Ya faɗi a gaban fada ya ce rundunar ƙasar Tumbudu ta haye gulbi, Kaura Maigayya ne yake jagorantarta, sun ƙone ƙauyukan gabas, sun nufo birni.

Sarki Tunau ya sa aka buga tambari. Galadima ya zauna a hannun damansa, Madawaki Arzika shugaban mayaƙa a hagunsa, sai Ciroma da Sarkin Fada da Sarkin Baka da Sarkin Ƙofa, kowa a mazauninsa. Sarki ya ce, "Kun ji abin da na ji. Ina sauraronku."

Madawaki Arzika ya faɗi ya yi gaisuwa. Tsoho ne mai tabon takobi a goshi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Zaki, mai Damsare da gulbinta. Ni bawan takobinka ne, ban taɓa ba maƙiyinka baya ba. Amma yau zan faɗi abin da fada ba ta son ji. Dawakan Tumbudu sun ninka namu. Ganuwarmu ta gabas ruwan bara ya cinye gindinta. Abin da ya riƙe garin nan tun zamanin kakanninka ba tubali ba ne, turke ne, kuma turken gara ta cinye shi. A aika Tsaunin Ungulu a kira masu kafi."

Galadima Shekarau ya gyara rawaninsa, ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, Toron giwa. Ashe tsufa ya kai Madawaki inda zai ɓuya a bayan mayu? Ina tambayar fada, shin an manta da Yarima ne? Waɗanda suka cinye ɗan Sarki a cikin gidan ubansa, su za a kira a ce su tsare gidan? In Madawaki ya gaji da yaƙi ya faɗa, akwai samari."

Madawaki ya ce, "Ban gaji da yaƙi ba, Galadima. Kai ne ban taɓa gani a cikinsa ba. Kuma na san abin da kake tsoro. Kana tsoron su dawo su tambayi wanda yake noma fadamar ubansu."

Galadima ya miƙe tsaye, hannunsa a kan takobi. Ciroma ya riƙe masa riga, Sarkin Fada yana ta faɗin a ji tsoron idon Sarki. Sarki Tunau ya buga sandarsa a ƙasa, kowa ya koma ya zauna.

Sannan Sarki ya ce, "Ɗana yana cikin ƙasa, ba na mantawa. Amma garin ubana yana bisa ƙasa, kuma ba zan bari ya zama toka ina raye ba. Za a kira su."

Galadima ya ga ya sha kaye, sai ya sassauta murya. "Hukuncin Zaki ya wuce gardama. Abu ɗaya nake roƙo, kada a ce wata rana Sarkin Damsare ya lashe dokarsa don tsoro. Su zo su yi aikinsu daga waje, kamar yadda ake kiran mai kwashe mushe ya kwashe ya tafi. Ƙafar mai yankakken kunne kada ta taka cikin gari."

Sarki ya ce, "Na yarda. Madawaki, kai ka kawo maganar, kai za ka kai ta."

Madawaki ya hau da 'yan rakiya kaɗan, suka isa gindin Tsaunin Ungulu rana na tsaka. Doki ba ya hawa wurin, dole suka sauka suka hau da ƙafa. Tun daga rabin hanya mutane suka fara fitowa daga bayan duwatsu, maza da mata, ramammu, kowa da rabin kunne. Ba wanda ya gaishe su. Wata tsohuwa ta tofar da yawu a gaban takalmin Madawaki.

A saman tsaunin ya tarar da Tarana, 'yar Sarkin Kafi Nomau, wadda ta gaji asirin ubanta. Doguwa ce baƙa, ta yi kitsonta ya koma dama gaba ɗaya don kowa ya ga kunnen hagu. Kusa da ita akwai ƙanen ubanta, Baffa Cindo, tsoho tukuf. Tarana ba ta tashi ba, ba ta kuma ce a ba baƙo ruwa ba.

Ta ce, "Arzika. Na gane ka. Kai ne ka riƙe linzamin dokin Sarki ranar da aka sare ubana."

Madawaki ya ce, "Ni ne."

"Me ya kawo ka? Kunnuwan dama kuka zo karɓa?"

Madawaki ya haɗiye maganar, ya isar da saƙon Sarki dalla-dalla, bai ɓoye sharaɗin Galadima ba. Mutanen tsauni suka fashe da dariya mai ɗaci. Wani ya ce a jefa shi ƙasa daga kan dutse, wani ya ce a bar Tumbudu ta yi musu aikin da suka daɗe suna roƙo.

Baffa Cindo ya ɗaga hannu. "Ɗiyata, ki saurare ni. A garin nan aka binne cibiyata. Akwai mata a ciki da ba su yanke kunnen kowa ba, akwai yaran da ba a haife su ba lokacin. In muka yi musu wannan aiki, wataƙila zuciyar Sarki ta yi sanyi, mu mutu a ɗakunanmu."

Tarana ta ce, "Baffa, ɗakinka yanzu rumbun Galadima ne." Ta juya ga Madawaki. "Shekarau yana raye?"

"Yana raye."

"Lafiyarsa ƙalau? Yana ci, yana sha, yana hawa?"

"Ƙalau yake."

"Madalla. Na sha roƙo kada cuta ta riga ni. Ranar kafi zai fito?"

Madawaki ya ce, "Sarki da dukan fada za su tsaya a bisa ƙofa su gani da idonsu. Galadima ya ce ba zai yarda ku binne abin da ba a gani ba."

Tarana ta dubi ƙasa. Da ta ɗago sai ta ce, "Je ka gaya wa ubangidanka za mu zo. Ba don shi ba, ba don kai ba."

Bayan Madawaki ya sauka, Baffa Cindo ya kama hannunta. "Na san wannan kallon, irin na ubanki ne in ya yanke shawara. Kin san ƙa'idarmu. Mai kafi ba ya ƙarya a bakin turke, in ya yi, turken ne zai cinye shi."

Ta ce, "Ba zan yi ƙarya ko ɗaya ba, Baffa. Gaskiya zan gaya musu tsirara, a gaban kowa. Na san su. Ita ce ba za su iya haɗiyewa ba."

Washegari da hantsi masu kafi suka iso Ƙofar Gabas, suna ɗauke da turken ƙirya da guduma da baƙin bunsuru. An rufe ƙofa. A samanta an yi shimfiɗa, Sarki Tunau yana zaune ƙarƙashin laima, hakimai na kewaye da shi, maharba sun cika ganuwa sun ɗana kibau a kan baƙin. Mutanen gari suna leƙe ta kowace kafa, wasu na cewa ga mayu nan, wasu na rufe idon 'ya'yansu.

Tarana ta tsaya daidai inda aka sare ubanta. Ba ta durƙusa ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Tunau, na zo."

Sarkin Fada ya daka tsawa. "Ke, mayya! Zaki kike kira da sunansa?"

"Wanda yake da gari shi yake da Sarki. Ni an ce ba ni da gari." Ta nuna ƙofa. "Ku ji yadda ake kafi, don kada gobe wani ya ce ban faɗa ba. Mai kafi yana tsayawa ne a bakin ƙofa, ya ba gari baya, ya fuskanci daji, sannan ya buga turke. Abin da ke bayansa shi turke yake tsarewa. Abin da ke gabansa shi ne maƙiyi. Saboda haka ku buɗe ƙofa mutanena su shiga su tsaya a bayana, ni kuma zan juya wa Sarkinku ƙeya har in gama."

Ganuwa ta ɗauki hayaniya. A Damsare ba a taɓa juya wa Sarki baya ba, ko Galadima da baya-baya yake fita daga fada, wanda ya juya kuwa kansa ake cirewa.

Galadima ya matso kusa da Sarki, yana magana da ƙarfi don kowa ya ji. "Zaki, ka ga abin da na faɗa? Ba kafi ya kawo ta ba. So take ta shigar da mayu gari, ta kuma nuna maka ƙeya a gaban talakawanka, gobe a yi waƙa da shi a kasuwanni. Kuma in ta juya, wa zai ga abin da hannunta yake binnewa?"

Madawaki ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga kafi sau da yawa ina saurayi. Haka Nomau yake tsayawa, bayansa ga gari."

Galadima ya ce, "A lokacin Sarki ba ya zaune a bisa ƙofa."

"To Sarki ya sauka, ya koma fada har a gama."

"Ka ji, Zaki? Yanzu kuma mayya ce za ta tashe ka daga mazauninka. Madawaki ya hau tsauni ya dawo da bakinsu."

Baffa Cindo ya durƙusa a ƙasa yana ɗaga hannuwa. "Ranka ya daɗe, gaskiya ta faɗa! Harshenta ne da kaifi, amma gaskiya ta faɗa. Kada a sa ta fuskanci gari!"

Tarana ta dubi Sarki ido cikin ido, ta ce, "Ka ji daga bakin tsoho ma. Ka zaɓa, Tunau. Ko ka kalli ƙeyar mayya, ko ka kalli fuskarta. Ni duk wanda ka ce shi zan yi."

Fuskar Sarki ta yi baƙi. Da ta roƙe shi da ladabi wataƙila da ya sauka, amma ta kira sunansa sau biyu a gaban jama'arsa. Ya ce, "Ba za a buɗe ƙofa ba. Ba zan tashi ba. Ki fuskance ni ki yi aikinki, in kuma kika juya, Sarkin Baka ya san nasa aikin."

Tarana ta ce, "Kowa ya shaida."

Ta sa aka yanka bunsuru, ta shafe turken da jininsa, ta tsaya fuskarta ga ƙofa, bayanta ga daji, mutanenta suka jeru a bayanta. Ta riƙa kiran sunayen kakanninta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare da sunan Nomau, ta ɗaga guduma ta buga. Ƙasa ta yi wani gurnani da kowa ya ji a tafin ƙafarsa. Tsuntsayen da ke bisa ganuwa suka tashi gaba ɗaya suka yi gabas. Mutanen gari suka yi guɗa, suna murna kafi ya tashi. Baffa Cindo kuwa ya rufe fuskarsa yana kuka. Tun da ba a ba su masauki ba, masu kafi suka zauna a nan waje kusa da turkensu.

Washegari da safe ƙurar rundunar Tumbudu ta rufe gabas. Kaura Maigayya ya jera mayaƙansa a fili, maharba a gaba, dawakai a baya, masu tsani a gefe. Madawaki ya roƙi Sarki a tsaya a cikin ganuwa tukuna, amma Galadima ya ce ga kafi sabo, me ake jira, ko kuwa tsoron ne ya dawo. Sarki ya ba da umarni a fita.

Aka buɗe Ƙofar Gabas, aka busa ƙaho. Madawaki Arzika ya fito a gaba, barade na biye da shi a sukwane. Suna isa daidai turke, dokin Madawaki ya durƙusa kamar an sare masa ƙafafu, ya watsar da shi. Na bayansa suka afka masa, doki a kan doki, mutum a ƙarƙashin doki, mashi ya soki ɗan'uwa. Duk dokin da ya kai turke sai ya zube. Sarkin Baka ya ce a harba, maharban ganuwa suka saki kibau kamar ruwa, amma kowace kibiya tana isa kan turke sai ta faɗo ƙasa kamar kara.

Kaura Maigayya ya ga abin da ke faruwa, ya yi dariya, ya ce wa mutanensa, "Kada wanda ya taɓa masu rabin kunnen nan, aikinmu suke yi. Ku harba ta saman kansu." Kibau na Tumbudu suka wuce turke ba abin da ya tare su, suka sauka a kan baraden da ke birgima a bakin ƙofa. Jini ya cika hanyar. Waɗanda suka tsira suka ja jiki suka koma ciki. Kaura ya janye maharbansa, ya sa dawakai da masu tsani su shirya, domin a shiga garin a bugu ɗaya.

Madawaki bai koma ba. Kibiya ta shige masa ƙirji, ya rarrafo har gaban Tarana, ya jingina da gawar dokinsa. Ya ce, "Kin rama, 'yar Nomau."

Ta ce, "Ban fara ba."

"Yaran da suka mutu nan, da yawansu ba su san sunan ubanki ba."

"Na goyen da kuka yanke wa kunne su ma ba su san sunan Yarima ba."

Madawaki ya yi tari, jini ya fito. Ya ɗaga kai sama ya tattara sauran ƙarfinsa, ya kira, "Zaki! Ta faɗa maka, ka ƙi ji! Ka sauko, ko garin ubanka ya tafi!" Daga nan rai ya yi halinsa.

Sarki Tunau ya leƙo daga bisa ƙofa, rawaninsa ya karkace. Muryarsa ta canza. Ya ce, "Tarana, ki cire turken nan."

"Yau ka san sunana."

"Ki cire shi ki sake kafawa. Me kike so? Fadamunku? Na mayar muku. Sarautar ubanki? Na ba ki."

Ta ce, "Waɗannan namu ne tun asali, ba kyauta ba ce. Ga abin da nake so. Ka sauko da ƙafarka ka tsaya a ƙasa, a bayana. A bar ƙofa a buɗe mutanena su shiga. Sannan a kawo mini Shekarau, ba rawani, ba takobi."

Galadima ya faɗi a gaban Sarki ya kama ƙafarsa. "Zaki, ni ne na yi maka hidima tun kana Ciroma! Za ka ba da Galadimanka ga mayya? Ƙarya take, ko ka ba ta ni ba za ta cire ba!"

Tarana ta ce, "A bakin turke nake, Shekarau. Ka fi kowa sanin ba ma ƙarya a nan. Kai ne ka zo wa ubana cikin sirri ka ce ya ɗaure maka bakin fada da asiri don sarauta ta dawo gidanku bayan Tunau, ya ƙi, ya ce zai faɗa. Ina bayan zana ina jin ku. Zazzaɓi ne ya kashe Yarima, kai kuma ka sami abin rufe bakin ubana."

Hakimai suka dubi juna. Kowa ya zuba wa turke ido, domin an san mai kafin da ya yi ƙarya a gabansa nan take yake faɗuwa. Tarana tana tsaye ƙyam. Daga fili aka ji gangunan Tumbudu sun canza kiɗa, dawakai sun fara takowa.

Sarki Tunau ya zare ƙafarsa daga hannun Galadima. Ya ce wa Sarkin Fada, "Cire masa rawani."

Dogarai suka jawo Shekarau ƙasa yana ta zagi, yana kiran Ciroma da Sarkin Ƙofa su cece shi, ba wanda ya motsa. Sarki ya sauko a bayansu, ba laima, ba mai riƙe masa riga, ya ratsa gawarwakin baradensa ya tsaya a bakin ƙofa. Masu kafi suka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya suka shiga gari, ba wanda ya rusuna masa. Baffa Cindo ne kaɗai ya tsaya ya ɗebi ƙasar cikin ƙofa ya shafa a fuskarsa.

Tarana ta rungumi turken ta girgiza shi, ta tumɓuke. Ta zagayo ta tsaya a gaban Sarki, ta juya masa baya, fuskarta ga rundunar da ke tahowa. Dogarai suka tambaye ta inda za su ajiye Galadima.

Ta nuna fili da guduma. "Can, a gabana."

Shekarau ya gane. Ya fara kokawa da dogarai, yana cewa, "A bayanki! Ki bar ni a bayanki, ko a ƙarƙashin ƙafarki ne! Ki yanke mini kunne, ki yanke duka biyun! 'Yar Nomau, ki ji tausayina!"

Ta ce, "Kai ka ce kana so ka ga abin da hannuna yake binnewa. Tsaya nan ka gani da kyau."

Dogarai suka wurga shi gaba suka ruga baya. Ƙasa tana rawa da kofaton dawakan Tumbudu. Tarana ta kira sunayen kakanninta da sauri, ta kira na ubanta da ƙarfi har ganuwa ta amsa, ta buga turken ya nutse.

Shekarau ya tashi ya rugo wajen ƙofa, amma da ya zo daidai turke sai ya bugu da abin da ba a gani, ya faɗi da baya. Ya sake tashi, ya sake faɗuwa. Yana cikin tashi na uku dawakan farko suka iso, suka bi ta kansa. Su ma ba su wuce nan ba. Suna kaiwa turke suka zube a kan juna, na baya suka hau na gaba, tsanuka suka karye, kibau na Tumbudu suka riƙa faɗuwa a gaban ƙafar Tarana. Sarkin Baka ya ce a harba, wannan karon kibau na Damsare suka wuce suka sami nama. Kafin rana ta karkata Kaura Maigayya ya juya da abin da ya rage masa, ya bar tambarinsa a fili.

Gari ya ɗauki guɗa. Sarki Tunau ya matso, har yanzu yana bayanta, ya ce a hankali, "Sarkin Kafi, an gama. Ki juyo mu shiga."

Tarana ba ta juyo ba. Tana kallon abin da ya rage na Galadima a cikin ƙura, ta ce, "Wannan kada a binne shi. Kuma ka sani, Tunau, shi ya faɗi ƙaryar, amma bakinka ne ya ce a sare. Turken nan hannuna kaɗai yake ji, kuma kaka na zuwa. Ka wuce gaba, ka sa a share mana gidan Galadima, a nan za mu sauka."

Sarki ya dubi hakimansa, kowa ya sunkuyar da kai. Ya juya ya shiga gari a ƙasa, yana tafe a gabanta kamar ɗan jagora.